Tara Ƙananan Kayan Tarihi da na Tunawa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu sha'awar ajiye ƙananan abubuwa, musamman waɗanda ba su daɗe da farawa ba. An faro daga masu sauƙi zuwa masu bukatar bayani, kuma inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna hakan a cikinta.

Wane irin abu ake nufi idan an ce ƙananan kayan ajiya?

Abin da zai zauna a tafin hannu a iya rufe shi da yatsu, shi ake nufi, kuma iri uku ne. Akwai wanda tun asali ƙarami aka yi shi domin aikinsa, kamar anini, da wuri, da kan sarki, da tandun kwalli, da battar taba, da zoben azurfa. Akwai wanda kwaikwayon babban abu ne aka ƙanƙanta shi, kamar 'yar motar wasa ta ƙarfe, ko 'yar sirdin doki da dukawa suke ɗinkawa, ko 'yar tukunyar da ba ta cin ko cokali biyu na ruwa. Na ukun kuma shi ne wanda ba shi da wata daraja a kasuwa, sai dai a zuciyar mai shi: maɓallin rigar makaranta, ko makullin gidan da aka rushe, ko 'yar kyamarar robar nan da alhazai suke kawo wa yara tsaraba, wadda ake leƙawa a ga Ka'aba da Masallacin Madina.

Mene ne abin jin daɗi a tara abin da ba a ci, ba a sha, ba a sawa?

Daɗin farko a hannu yake. Babban abu kallonsa ake yi daga nesa, ƙarami kuwa sai an ɗauke shi, an juya shi, an matso da shi kusa da ido, kuma a nan ne mutum yake ganin abin da ya wuce shi shekara da shekaru. Wanda ya ɗauki tsohon tandu ya duba shi da kyau zai ga babu ɗinki a jikinsa ko ɗaya, domin jiƙaƙƙiyar fata ake lulluɓa wa wani ɗan curin yumɓu, idan ta bushe a farfasa yumɓun a zazzage shi ta baki. Sanin wannan kaɗai yakan sa mutum ya daina yi wa tandu kallon tarkace.

Daɗi na biyu, wanda a ganina ya fi na farko, shi ne labarin da ke maƙale da abin. Kakata tana da wani kumbo da take ajiyewa a ƙasan adudunta, a ciki akwai anini guda bakwai da aka zura a baƙin zare, da wuri uku, da wani tandu wanda har yau idan an buɗe shi ƙamshin turarenta yake yi. Ranar da na roƙe ta su, dariya ta yi ta ce, "Kai maigidan nawa, duk dukiyar duniya ka rasa abin gādo sai anini?" Kafin ta miƙa mini, sai da ta ba ni labarin kowanne, har da wanda aka ba ta tukuici ranar da ta fara kai talla. Wannan kumbon ba zai sayi buhun gero ba, amma ban san wani abu a ɗakina da zan riga ɗauka ba idan aka ce gobara. Saboda haka nake nanata maganar rubuta bayani, wadda take da tata amsar a ƙasa.

Wannan ba wasan yara ba ne, ko kuwa al'adar Turawa?

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya ya ga jeren kwalla da tasoshi da kumbuna, an tsara su daga babba zuwa ƙarami har kusa da rufi, ya san cewa Bahaushe ba baƙo ba ne wajen tara abu domin ƙawa. Yaran da suke fere karan dawa su haɗa mota mai taya da ƙofa, ko su yanka gwangwani su yi motar langalanga, su ma ƙanƙanta abu suke yi da gwaninta. Bambancin kawai shi ne a wasu ƙasashen manya sun riƙi abin da muhimmanci har ya shiga gidajen adana kayan tarihi. A fadar Windsor ta Ingila akwai wani ɗan gida da aka ƙera wa Sarauniya Mary tsakanin 1921 da 1924, wanda aka yi masa fitilu masu kamawa da famfuna masu zubar da ruwa. A Japan kuwa, a zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, maza sun riƙa rataya 'yan akwatunan magani a ɗamara saboda tufafinsu ba su da aljihu, kuma ɗan abin da yake riƙe igiyar, wanda suke kira netsuke, shi ne masassaƙa suka mayar fagen nuna gwaninta.

Da me ya kamata in fara, alhali ba ni da kuɗi?

A fara da gida. Tsofaffin adudai da akwatunan ƙarfe da aljihun tebur na iyaye sun fi kowace kasuwa, kuma abin da aka samu a can yana zuwa da labarinsa kyauta. Sai dai a nemi izini, kada a ɗauka a ɓoye. Bayan haka, a zaɓi fanni ɗaya a tsaya a kansa, ko da na shekara guda ne: tsabar kuɗin Nijeriya kawai, ko tanduna kawai, ko kan sarki mai hoton tsuntsaye kawai. Mai tara komai da komai yakan wayi gari da buhun tarkace, bai san kan ko ɗaya ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Mene ne anini, da ɗari, da taro, kuma me ya sa masu tarawa suke son su?

Sunaye ne na kuɗin zamanin mulkin mallaka da farkon 'yancin kai. Anini goma ne kobo ɗaya, ɗari rabin kobo ne, taro kobo uku, sisi kobo shida, sule kobo goma sha biyu, fataka sule biyu, fam kuma sule ashirin. Ahu da nai, wato kobo ɗaya da rabi da kuma kobo tara, lissafi ne da ake yi da baki a kasuwa. An fara buga anini a 1907, da farko da alminiyam, daga baya aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel. Yana da huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci da ke faɗin darajarsa, kuma hujin nan ne ya ba mutane damar zura shi a zare kamar yadda suka saba yi da wuri.

Wani abin da yake burge masu tarawa shi ne kuɗin 1936. Sarki Edward na Takwas bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba ya yi murabus, har ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa a ƙasarsa ba, amma a Afirka ta Yamma an buga kobo da ɗari da anini masu ɗauke da sunansa, kuma sun yi yawo a kasuwanni. Ba su da tsada, domin an buga su da yawa. Idan aka duba da gilashin ƙara girma, a kan wasu za a ga ɗan harafin H ko KN, alamar masana'antun Birmingham da suka buga su.

A 1959 Nijeriya ta fitar da tsabarta ta kanta, inda taro ya zo da kusurwa goma sha biyu da hoton auduga. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kobo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kobo goma, abin da ya sa har yau wasu dattawa suke kiran kobo goma sule. A cikin tsabar 1973, wadda Kanawa suka fi so ita ce kobo ashirin da biyar, saboda dalar gyaɗa da ke jikinta.

Na gaji wata babbar tsabar azurfa mai hoton mace, an rubuta 1780. Da gaske ta haura shekara ɗari biyu?

Da wuya. Wannan shi ne liyari, kuɗin Maria Theresa ta Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. 'Yan kasuwar Larabawa da na Habasha da na ƙasashen Sudan sun amince da shi ƙwarai, har ba sa karɓar wanda aka canza wa kama, saboda haka aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba tare da an sauya ta ba, a Vienna da wasu biranen kamar Landan da Paris da Rum. Ya shigo Borno da ƙasar Hausa ta hanyar fataken Sahara, kuma mata sun mayar da shi abin wuya, shi ya sa ake yawan samunsa da ɗan kunne da maƙeri ya liƙa masa. Na gaske nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kuma kashi 83 cikin ɗari nasa azurfa ce. Wanda ya tara su da yawa ya duba amsar da ta shafi zakka.

Mene ne waɗannan 'yan siffofin tagulla da ake kawowa daga Ghana?

Ma'aunan zinariya ne na mutanen Akan, ciki har da Asante. Ɗaruruwan shekaru garin zinariya ne kuɗinsu, kuma kowane ɗan kasuwa yana da sikelinsa da jakar ma'aunansa, har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 lokacin da Turawan Ingila suka kawo nasu kuɗin. Da kakin zuma ake fara siffanta ma'aunin, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, sannan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Tunda sai an fasa yumɓun ake fitar da shi, babu guda biyu da suke zama iri ɗaya sak. Na farko-farko zanen kusurwoyi ne kawai a jikinsu, kuma wani sashe na tsarin nauyinsu daga miskalin 'yan kasuwa Musulmi aka ɗauko shi. Daga baya aka riƙa yin siffar tsuntsu da kada da kujera da ganga, galibi kowanne da karin maganar da yake nufi.

Fataken goro na Hausawa da suka riƙa zuwa Gwanja da Salaga sun yi hulɗa da masu waɗannan ma'aunai, kuma mutumin Maraɗi ko Damagaram yana yawo da hoton ɗaya daga cikinsu a aljihunsa kullum: kifin nan mai baki kamar zarto da ke jikin tsabar sefa, tambarin babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, siffar ma'aunin zinariya ce. Yawancin waɗanda ake sayarwa a yau sababbi ne, kuma an yi bayanin yadda ake gane hakan a amsar jabu.

Me ake nufi da 1:12 ko 1:64 da ake rubutawa a kwali?

Gwargwadon ƙanƙantawa ne. Idan an rubuta 1:64, ma'ana an rage tsawon ainihin abin sau 64, don haka motar da take da tsawon mita huɗu da rabi za ta koma kimanin santimita bakwai. Kusan haka girman yawancin motocin Matchbox, waɗanda aka fara a 1953, da na Hot Wheels, waɗanda suka fito a 1968, yake. Kayan 'yan gidaje galibi 1:12 ne, jiragen ƙasa na wasa kuma 1:87. Amfanin sanin wannan shi ne kada a jera abubuwan da ba su dace da juna ba, a ga kujera ta fi mota girma.

A ina ake samun irin waɗannan kaya?

A Kano, Kasuwar Kurmi ita ce matattara, inda masu kayan fata da na tagulla da masu tsofaffin duwatsun wuya suke. Bida ta shahara da tagulla da kuma duwatsun gilashi na masaga, wato masu sana'ar narka gilashi na garin. A Agadas maƙeran azurfa suna yin sarƙar nan mai suna da garin, kuma akwai jerin iri 21 da ake dangantawa da garuruwa da yankunan Nijar, wanda haɗa shi cif yakan ɗauki mai tarawa shekaru. A harabar gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai akwai masu sana'ar hannu da ake iya tsayawa a ga suna aiki. Kada kuma a raina 'yan gwangwan da masu baza kaya a ƙasa ranar kasuwar ƙauye, allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Kafin a fara saye, yana da kyau a je Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Jos, a ƙare wa na gaske kallo. Idon da ya saba da na ƙwarai ba ya shan wahalar gane na banza.

Yaya zan gane jabu?

Da farko a bambance sabo da jabu. Maƙerin da ya zuba ma'aunin tagulla jiya ya sayar da shi a matsayin aikin jiya bai cuci kowa ba, kuma aikinsa ya cancanci a ajiye. Jabu shi ne sabon da aka binne a ƙasa, ko aka shafa wa baƙin mai da toka, aka ce na kakanni ne. Tsohon abu yana cinyewa ne a inda hannu yake taɓawa, wato gefuna da wuraren da suka fi tudu, lunguna kuma su riƙe duhu. Idan dattin ya bi ko'ina daidai wa daida, ko yana fita a farce, a yi hattara. Haka kuma idan mai kaya ya fito da guda biyar masu kama ɗaya har da tabo a wuri ɗaya.

Ga azurfa, a riƙa yawo da ɗan maganaɗisu: abin da ya manne masa ba azurfa ba ne, ko da yake rashin mannewa ba hujja ba ce, tunda tagulla da dalma ma ba sa mannewa. Ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal ya fi amfani, domin nauyi ba ya ƙarya, kamar yadda aka gani a amsar liyari. Doguwar tatsuniya daga bakin mai sayarwa, wai daga fadar wani sarki abin ya fito, ba ta ƙara wa kaya komai sai farashi.

In goge tsofaffin tsabar kuɗi da tagulla su yi ƙyalli?

A'a. Wannan ne kuskuren da kusan kowa yake yi sau ɗaya, ni ma na yi. Kobon 1936 na farko da na samu, na zauna da lemon tsami da toka na dirje shi kamar gindin tukunya, ya fito fari tas ina murna. Da na kai wa wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya, ya ɗaga shi a rana ya nuna mini dubban 'yan layuka da tokar ta yi masa, ya ce, "Ɗana, ka wanke masa shekarunsa." Duhun da tsohon ƙarfe yake yi kariya ce gare shi, kuma shi ne shaidar tsufansa, ba ya dawowa idan an kankare.

Abin da ya halatta shi ne a kaɗe ƙura da burushi mai laushi, idan kuma akwai laka a jiƙa abin a ruwa mai tsabta, a tsane shi da ƙyallen auduga ba tare da dirzawa ba, a bar shi ya bushe sarai. Abu ɗaya ne ya kamata ya tayar da hankali: wani kore-kore mai haske, mai kama da gari, da yake fitowa a jikin tagulla ko jan ƙarfe. Wannan ciwo ne da gishiri da danshi suke haddasawa, yana cin ƙarfen har ya huda shi. A ware mai shi daga sauran, a ajiye shi wuri busasshe, a nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi.

Yaya ake adana su a yanayin damina da hunturu?

Kowane lokaci da tasa ɓarnar. Da damina fata takan yi fumfuna, ƙarfe ya yi tsatsa, kan sarki ya manne da juna. Da hunturu fata da itace da ƙwarya sukan bushe su tsage, ƙura kuma ta shiga ko'ina. Akwati mai murfi da aka ɗaga daga ƙasa, nesa da bango saboda gara, ya fi kabad ɗin gilashi da rana take duka. A raba kowane abu da ɗan'uwansa, ko da da 'yar ambulan ta takarda ce, domin tsabar da aka zuba wuri ɗaya gogar juna take yi. A guji leda mai laushi irin ta bangon katin shaida, saboda idan ta daɗe takan bar wani kore mai danƙo a jikin ƙarfe.

'Yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi suna da amfani a akwatin ƙarfe da na takarda. Tsaba a riƙe ta ta gefe, kan sarki kuma a ɗauke shi da ɗan hantsaki mai faɗin baki, domin gumin yatsa yana barin tabo. Kada a shafa wa tsohuwar fata man gyaɗa ko man shanu, yana jawo ƙwari kuma yana yin ɗoyi.

Me ya sa ake matsa wa mutum ya rubuta bayanin kowane abu?

Saboda ƙwaƙwalwa tana mantuwa, kuma masu ba da labarin suna tafiya. A sami littafi guda, a ba kowane abu lamba, a rubuta mene ne shi, daga wa aka same shi, a wane gari, a wace rana, nawa aka biya, da abin da mai shi na farko ya faɗa a kansa da kalmominsa. A ɗauki hotonsa gaba da baya da waya, a ajiye ɗan ma'auni a gefensa domin girman ya fito. Lambar a rubuta ta a jikin ambulan, kada a rubuta a jikin abin. Wannan littafi shi ne zai raba mutum da zargi idan aka tambaye shi asalin kayansa, kamar yadda za a gani a amsar doka, kuma shi ne zai taimaki magada.

Akwai wani abin lura ta fuskar addini?

Akwai uku. Na farko shi ne mutum-mutumi. Sanannen ra'ayi a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin ƙera cikakkiyar siffar abu mai rai wadda take da inuwa, tare da rangwame ga 'yar tsanar da yara mata suke wasa da ita, saboda hadisin da ya nuna cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da irinsu. Siffar abin da ba shi da rai, kamar mota da gida da tukunya, babu magana a kanta. Wanda ya ƙi siffofi bai rasa fage ba, domin ko a ma'aunan Akan akwai masu zanen kusurwoyi zalla.

Na biyu shi ne ƙaramin Alƙur'ani. Daular Usmaniyya ta yi 'yan ƙanana masu kusurwa takwas da ake ɗaurawa a kan tutar yaƙi, kuma wajajen 1900 wani mai ɗab'i a Glasgow, David Bryce, ya buga wasu da ba su wuce kan babban yatsa ba, a cikin ɗan gidan ƙarfe mai gilashin karatu, waɗanda aka raba wa sojoji Musulmi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙanƙantarsa ba ta rage masa hukunci, don haka ba a jera shi cikin kayan wasa, kuma ana kiyaye tsarki wajen taɓa shi. Na uku zakka ce. Kayan da aka ajiye ba don kasuwanci ba babu zakka a kansu, in ban da zinariya da azurfa. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, wanda liyari 26 za su cika. Wanda ya kusa wannan adadi ya kai maganarsa gaban malami.

Akwai abin da doka ta hana a saya ko a fita da shi?

Akwai. A Nijeriya, dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi ba tare da izini ba, ta kuma hana fita da su waje sai da takardar hukumar. Wannan ya shafi 'yan kawunan yumɓu irin na Nok da makamantansu da ake haƙowa daga ƙasa, komai ƙanƙantarsu. Mai sayen irin wannan yana ƙarfafa masu tone wuraren tarihi ne, waɗanda suke lalata abin da masana za su karanta. Hauren giwa ma a nisance shi, an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma da yawa daga tsofaffin netsuke da shi aka yi su. Matafiyin da ya sayi sabon aikin hannu mai kama da tsoho ya karɓi rasit, domin jami'in filin jirgi ba lallai ne ya bambance ba.

Akwai yara ƙanana a gidana. Yaya zan yi?

Duk abin da zai shige bakin yaro ɗan ƙasa da shekara uku zai iya shaƙe shi, don haka akwatin ya kasance da makulli. Mafi haɗari su ne batirin agogo da 'yan ƙananan maganaɗisu, waɗanda idan aka haɗiye su asibiti za a nufa nan take, ba a jira. Tsofaffin kayan wasa na ƙarfe kuma wasunsu akwai dalma a fentinsu. Yaron da ya yi wayo, a zaunar da shi a kan tabarma a ba shi abu ɗaya-ɗaya ya riƙe, a kuma ba shi gwangwaninsa ya fara tara nasa.

Ana yin arziki da wannan harka?

Ba kasafai ba. Anini da sule da kobo an buga su miliyoyi, kuma kasancewar abu tsoho ba ya nufin yana da wuyar samu. Abin da yake ɗaga farashi shi ne ƙarancin abu, da lafiyar jikinsa, da tabbacin asalinsa. Lokaci-lokaci akan baza jita-jita cewa wasu baƙi suna neman tsohon kobo mai huji ko tsohon dutsen guga da miliyoyin kuɗi, wai akwai wani sinadari a ciki. Irin wannan ta faru a Saudiyya a 2009, inda mutane suka yi ta rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer saboda wani jan sinadari da babu shi a duniya. Duk wanda ya ce a biya kuɗin gwaji ko na rajista kafin ya kawo mai saye, ɗan damfara ne.

Me zai faru da kayan bayan raina?

Dukiya ce kamar kowace, za ta shiga rabon gādo, kuma sau da yawa magada ba su san darajarta ba, sai a raba ta ɗaya-ɗaya ko a zubar. Wanda yake so ta zauna wuri guda yana da hanya biyu: ya bayar da ita kyauta tun yana da rai da lafiya, a gaban shaidu, wanda aka ba ya karɓa ya tafi da ita, ko kuma ya yi wasiyya da ita ga wanda ba magaji ba, kamar makaranta ko gidan tarihi, muddin ba ta wuce sulusin dukiyarsa ba. Idan gidan tarihi ake nufi, a fara tuntuɓarsu, domin ba komai suke da wurin ajiyewa ba.

Ko wacce aka zaɓa, littafin bayanin da aka ambata a sama ya bi kayan, kuma a sanar da mutum ɗaya a gida inda makullin akwatin yake.